Kowa Ya Zuba da Kansa

Shinkafa har ta fara hucewa, amma ba wanda ya motsa daga kan tabarma.

Walimar auren ƙanena ce a Paki. Ni da na koyo aikin abinci a otal a Kaduna, na jera kuloli a tebur, na ce kowa ya zuba da kansa, haka ake yi yanzu.

Na tsugunna gaban Baffa: "Baffa, bismillah mana."

Ya ƙare min kallo. "Sani, da furfurata zan bi layi da faranti a gaban surukaina? Na ƙoshi."

Haka na cire farar hular kuku, na yi ta jigilar tire har la'asar.

Jama'a, a garinku dattijo zai tashi, ko ni kaɗai wayewa ta kayar?