Ranar da Ƙanena Ya Dafa Mana Fetur

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da ƙanena ya ce zai dafa mana fetur ba.

A shekarar da mai ya yi tsada ne. Tumatirina na fadama yana ƙonewa, injin ban ruwa kuwa yana zaune a zaure kamar baƙo. Sai ga ƙanena ya dawo ƙauyenmu na wajen Tsanyawa daga jami'a, ya karanto ilimin sinadarai, har tafiyarsa ta canza.

"Yaya, fetur fa ba wani abu ba ne," in ji shi. "A hura gawayi ya yi jawur, a bi da tururin ruwa ta cikinsa, iska iri biyu za su fito. Su kaɗai ba sa haɗuwa. Amma in suka bi ta kan ƙarfe mai zafi, sai ya riƙe su, ya warware, ya sake ƙullawa, su zama mai. Shi kuma ƙarfen ko ƙwarzane ba ya yi."

Gaskiya ya faɗa, daga baya na ji haka manyan masana'antu suke yi. Abin da ya manta bai gaya mini ba, su ba da tsohuwar ganga da ƙusoshi masu tsatsa suke yi ba.

Ya kwance bututun injina ya haɗa da gangar, ya ajiye kwalbar tarar mai a ɗaya bakin, ya kulle ƙofa, ya toshe tagar ɗaki da tsumma, wai kada iska ta sace mana arziki. Ni aikina fifita wuta. Kafin hantsi maƙwabta sun yi layi a ƙofa da jarkoki, wani har yana roƙon a fara da shi saboda babur ɗinsa.

Can sai kaina ya soma sarawa. Na ce, "Kai, jiri nake ji."

"Alamar nasara ce, Yaya," ya ce, ya sulale ƙasa.

Ashe ɗaya daga cikin iskar nan guba ce, ba ta da wari balle launi. Matata ce ta ji shirun ya yi yawa, ta sa aka ɓalle ƙofar, aka jawo mu waje kamar buhunan gero.

A asibiti Innarmu tana kuka a kan ƙanena, ya buɗe ido, maganarsa ta farko, "An duba kwalbar?"

An duba. Baƙin ruwa ne, ko ashana ta raina shi. Bututun ya narke, tumatir ya bushe, masu jarkoki kuwa suka koma gida suna cewa rowa muka yi musu.

Yanzu malamin makaranta ne, kuma an ce ya iya koyarwa. Ni dai na koyi nawa darasin: duk wanda ya ce a rufe ƙofa a hura gawayi, ko farfesa ne, yi masa fatan alheri daga waje.