Ƙwaryar da Ta Dawo Ita Kaɗai

A gungunmu ba a ɓarnar wuta. Itace daga hayi ake ɗauko shi a kwalekwale, saboda haka wutar bandar kifi ita ce fitilarmu, ita ce maganin sauro, ita ce kuma wurin hira. Gungun ɗan tsibiri ne a tsakiyar Kwara, can sama da Yawuri. Ba asibiti, ba ɗan sanda, ba ko mai sayar da allura. In ruwa ya cika har ya taɓa gindin rumbuna, sai a daɗe ba a ga baƙuwar fuska ba. Wanda ciwo ya kama a irin wannan lokaci, Allah ne gatansa.

Iya, mahaifiyar babanmu, ita ke tsaron murhun banda da magariba. Gajeriyar tsohuwa ce mai faɗan tsiya, hayaƙi ya cinye mata idanu, kullum suna ruwa. Ni take kira maigida, ƙanena Haruna kuwa ango. "Maigidan banza," in ji ta, "ko kan tarwaɗa bai taɓa kawo mini ba." Ni ma ba na raga mata, nakan ce na sake ta, ta tsufa. Sai ta jefe ni da ƙayar kifi.

Abu ɗaya ne ba ta wasa a kansa, wata tsohuwar ƙwarya mai tsagu da ke rataye a ɗakinta. Ba ta sha da ita, ba ta awo da ita. Ranar da Haruna ya ciro ta ya kifa a kai, ta yi masa dukan da har yau in ya tuna yakan shafa baya.

Tatsuniyoyi kam tana da su cike da baki, na dorina da na 'yan ruwa. Amma akwai guda da ba ta yi sai ranar da muka yi dambe ni da Haruna, mu kuwa kusan kullum sai mun yi. Ran da na fasa masa leɓe saboda ƙugiya, ta zaunar da mu kusa da wutar, jini na ɗiga a rigarsa, ta hana a goge.

"Ga ta nan tafe," ta ce, "wanda bai so ya toshe kunne."

Wai a wani gungu an yi wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubansu ya mutu ya bar musu raga guda, suka kasa rabawa. Yau zagi, gobe kokawa, har ƙaramin ya sari babban da adda a kafaɗa. A gungun nan kuwa akwai doka tun ta kakanni. In faɗan mutum biyu ya gagari kowa, sarkin ruwa zai sa a ɗauko tsohon kwalekwale mai yoyo, a zuba su ciki, a ba ɗaya filafilin tuƙi, a ba ɗaya ƙwarya, a ja su tsakiyar kogi a sake. In mai tuƙi ya tsaya, ruwa ya tafi da su. In mai kwarfa ya tsaya, su nutse. Duk waɗanda aka taɓa kaiwa sun dawo jiƙe sharkaf suna zagin juna, amma da ransu, faɗan kuma ya mutu.

"Aka kai su," in ji Iya. "Gari duka ya fito bakin ruwa, uwarsu tana gaba. Babba na tuƙi, ƙarami na kwarfa. Sun ci rabin hanya, har mata sun fara guɗa. Sai ƙaramin ya ɗago ya faɗi wata magana. Ba wanda ya ji abin da ya ce."

A nan takan tsaya ta juya kifi. Mu kuwa ko motsi ba ma yi.

Babban ya miƙe tsaye a cikin jirgin, ya ɗaga filafili da hannu biyu, ya sauke a tsakiyar kan ƙanensa. An ji ƙarar har gaɓa. Ya ƙara, ya kuma ƙara, har itacen ya dare. Yaron ya kife, ƙafarsa na harbawa, ruwan da ke cikin jirgin ya koma ja. Sai a sannan babban ya duba ƙasa ya ga ruwa ya kai masa ƙwauri. Ya jefar da guntun itacen ya rarumi ƙwarya, jirgin ya juya ya bi igiyar ruwa. Ya saki ƙwarya ya sa hannu yana tuƙi, ruwa ya hau. Yana ihu yana kiran uwarsa, yana jijjiga gawar wai ta tashi ta taya shi. Kafin jiragen gari su isa, kogi ya rufe su.

"Washegari ƙwaryar ta dawo gaɓa ita kaɗai. Iyakarta ke nan, ku tashi ku ba ni wuri."

Na taɓa tambayarta, "Iya, to uwar fa, me ta yi?"

"Me za ta yi? Ta koma bakin murhu. Kifi zai jira ta ne?"

Na ji haushin wannan amsa ƙwarai. Na ce a raina wannan uwa ba ta da imani.

Muka girma, na bar gungu na shiga fatauci, Haruna ya zauna da Iya har ta rasu, sannan ya biyo ni. Wajen 1998 muna Guangzhou, lokacin baƙar fata ba mu da yawa, in ka hangi ɗan'uwa a titi sai ka tsallaka ka gaishe shi. Muna haya a wani ɗan ɗaki a unguwar Dengfeng. Kwantena guda muka kama za ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ni na ce a cika ta da raga da injin jirgi, abin da mutanenmu ke bukata. Shi ya ce rediyo da tocila, wai ni har yanzu ƙarnin kifi bai bar kaina ba. Na ce masa ɗan ƙauyen da na koya wa sa takalmi ne zai gaya mini kasuwa? Rana tsaka ce, ko azahar ba a yi ba. Ban ga lokacin da ya ɗauki kujerar ƙarfe ba.

Na farka a ƙasa, goshina a tsage, jini ya rufe mini ido ɗaya, haƙorina guda a bakin tabarma. Wallahi da akwai wuƙa kusa da ni a lokacin, ban san abin da zai faru ba. Mai gidan ya ji ƙara ya kira 'yan sanda. Wani Bakano maƙwabcinmu ya riƙe ni yana cewa, "Malam Sale, ka nuna shi kawai! Wannan ai kisa ya zo yi." Ya sani, na sani, bizar Haruna ta ƙare. In na ɗaga yatsa, ɗauri ne a ƙasar da ba ya jin ko kalma ɗaya, daga nan kora.

Ɗan sandan ya nuna goshina, ya nuna Haruna da ke rakuɓe a jikin bango. Zuciyata tana tafasa, ina so ƙwarai in ga an ja shi a ƙasa. Amma abin da ke kaina a lokacin shi ne mutumin nan da ke jijjiga gawa. Na ce, "Meiyou, meiyou," wato babu. Na nuna ruwan alwala da ya zube a siminti, na kwatanta santsi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi wa mai gidan faɗa ya tafi.

A tasi, hanyar asibiti, Haruna ya cire rigarsa ya danne mini goshi. Can ya ce, "Yaya, ka tuna tatsuniyar ƙwarya?"

Na ce, "Rufe mini baki."

"Ba tatsuniya ba ce. Da Iya za ta cika, ta sa na ciro mata ƙwaryar nan ta ɗaki. Ta rungume ta tana kiran Audu da Mamman. Na tambayi Baba su waye, ya ce yayyensa ne, yana goye aka yi abin."

Na yi shekaru ina ɗauka Iya tsoro take ba mu don mu daina dambe, ina kuma zagin wata uwa da ta koma bakin murhu. Ashe ita ce ke zaune a gabanmu tana juya kifi, tana kallon wa da ƙane da jini a riga, mu kuwa muna cewa hayaƙi ne ke sa idanunta ruwa. Jinin ya ratsa rigar yana bin hannun Haruna. Na ce masa ya danna da ƙarfi, kada ya saki.