Kaset-kaset ɗin Mai Gidana

Mai gidana mutumin Bida ne, yana gyaran talabijin a wani ɗan shago da ke ƙofar gidanmu a Chanchaga. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Paiko. Kullum bas nake bi, sai bayan la'asar in dawo a gajiye, sau da yawa in tarar ya ɗora shinkafa. Maƙwabta suka sa masa suna mijin-ta-ce. Ko a jikinsa.

Ba abin da yake so kamar tsofaffin fina-finan soyayya na Turawa, masu ban dariya, waɗanda ko kala ba su da ita. Ranar Lahadi bayan azahar, in an kawo wuta, sai ya sa kaset mu zauna. Labarin kusan ɗaya ne. Mace mai kaifin baki tana aiki a ofis, ta yi ta sa-in-sa da wani namiji, daga ƙarshe su yi aure ta ajiye aikin. Wannan ƙarshen yana ba ni haushi.

Wata rana na ce, "Malam, duk wayon nan nata a kicin zai ƙare?"

Ya yi dariya har da tari. Da Hausarsa ta Banufe, wadda ba ta bambanta mace da namiji, ya ce, "Wannan yarinya bai samu miji irina ba ne."

Hawan jini ne ya kwantar da shi, bai tashi ba. Da na fita takaba, ƙanensa ya zo ya ce, "Yaya, ki bar aikin nan ki dawo Bida, za mu riƙe ki." Na yi masa godiya, na ce ina nan. Bai ji daɗi ba, tun daga nan zumuncin ya yi sanyi.

Na ci gaba da kallon ni kaɗai. Wani lokaci in yi dariya, sai in ji muryata ta yi wa falon yawa.

Da daminar bara na'urar bidiyon ta lalace. Wanda ya kama shagon yanzu waya yake gyarawa. Na kai masa, ya juya ta, ya ce, "Hajiya, ba a samun kayan wannan kuma."

'Yata da ke aure a Abuja ta ce in zubar da kaset-kaset ɗin, sun cika wuri. Na ce mata to. Suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gado.