Akwatin da Yaya Ta Haɗa wa Auta

Shekarunta arba'in da bakwai, ita ce babba a ɗakinsu, kuma ta fi kowa daɗewa a kan teburin dalma na wani ƙaramin kamfani da ke haɗa akwatunan soket masu kare kaya daga wutar da ta zo da ƙarfi. A gida Yaya ake ce mata. A wurin aiki ma haka, har manaja.

Lokacin da ta fara, abu uku take liƙawa a kowane akwati: fis, da jar fitila, da wani abu mai kamar kwabo da suke kira ɗan shuɗi. In wuta ta yi tsalle, ɗan shuɗi ne ke janye ta, fis ya tsinke, akwatin ya mutu, kayan da aka jona su tsira. Da kamfanin ya canza hannu, sai aka daina kawo ɗan shuɗi, aka ce a sa guntun waya a gurbin fis. Jar fitilar ce kawai ta rage. Ta yi magana, manaja ya ce masu saye fitila suke dubawa, kuma ƙofa a buɗe take. 'Ya'yanta na makaranta, mijinta ba lafiya. Ta koma kan kujerarta.

Ƙaninta, wanda har ya yi furfura ana ce masa Auta, tela ne. Bara ya sayar da filinsa ya sayi keken surfani mai kwamfuta. Yaya ta tono ragowar tsofaffin kayan da ke ƙasan durowarta, ta haɗa masa akwati na gaske a lokacin hutun cin abinci, ta kai masa shago.

"Kar ka jona keken nan a komai sai wannan," in ji ta.

Ya yi wata biyu lafiya. Wata rana da hantsi aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Akwatin ya yi ƙara, ya yi ƙauri, ya mutu. Keken bai yi komai ba. Amma Auta na da kayan biki a hannu, ga mai kayan zaune a benci tana kaɗa ƙafa. Ya leƙa shagon mai aski, ya ga nasa akwatin, na kasuwa, jar fitilarsa na ci. Ya kira Yaya a waya.

"Yaya, duk layin nan nawa ne kaɗai ya mutu. Wanda kuka zubar kika kwaso mini?"

"Aikinsa ya yi, Auta. Ka jira in tashi in canza masa fis da ɗan shuɗi."

"In jira? Ki zo ki gaya wa Hajiyar nan ta jira. Ke da kike haɗa su ma ba ki iya zaɓen mai kyau ba!"

"Na kasuwar fanko ne. Ni nake liƙa su, na sani."

"To, fankon dai yana aiki."

Ya tsallaka titi ya sayo sabo, mai tambarin kamfaninsu. Da ta zo da yamma da kayan gyara a jaka, ya ce ta bar shi, ya hutar da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon jar fitilar. Ɗigon dalmar da ke bayanta, mai yiwuwa hannunta ne.

Bai rufe wata ba wutar ta sake tsalle. Wannan karon akwatin bai ko yi ɗumi ba. Allon cikin keken ne ya ƙone, kuma mai gyara ya ce ba a samun irinsa. Yanzu keken na lulluɓe da zane, Auta ya koma ɗinkin faci da tsohon keken ƙafa.

A gidan mahaifiyarsu aka yi zaman maganar. Matar Auta ta ɗora akwatin a tsakiyar tabarma, tambarin na sama.

"Ba kamfaninku ba ne? Na farko ya mutu, na biyu ya kashe mana keke."

"Na gaya masa," in ji Yaya.

"Kin gaya masa, amma kullum kina can kina liƙa su," in ji matar.

Auta bai ɗaga kai ba. Tun ranar ba ya gaida Yaya, ya kuma hana 'ya'yansa zuwa gidanta. Mahaifiyarsu, wadda ba ta san fis ba balle ɗan shuɗi, ta ce ita dai ba za ta mutu ta bar su a haka ba, kuma babba shi ke haƙuri.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga aiki, Yaya ta bi ta shagon. Ta same shi yana ɗinke bakin wani wando. Ta yi sallama, ya amsa a ciki. Ta rage tsawo a gaban ƙanin da ta goya, ta ce masa laifinta ne, ya yafe mata.