Ranar da Aka Tsallake Ni a Filin Sumo

Mun tashi da asuba daga Greensboro, titin Wendover ba kowa sai manyan motocin kaya. Mu uku ne: ni, da 'yata ta fari, da wani abokin aikina na sito, siririn mutum wanda ko kwali mai nauyi sai na kama masa. Atlanta muka nufa, don an ce 'yan kokawar Japan, masu sumo, sun zo nuna wasansu.

Hanya lafiya lau. Da muka shiga South Carolina muka tsaya shan mai, don ya fi araha a can, muka karya da shayin fulas da burodi. Tun daga nan nake ba su labarin yadda na yi kokawa a garinmu a Nijar kafin na zo ƙasar nan. Yarinyar tana ta "okay, Baba", idonta na kan waya.

Filin nasu da'ira ce da aka zagaye da igiyar kara. Kafin a kama, kowane ƙato sai ya watsa gishiri, ya ɗaga ƙafa sama ya doka ƙasa. Alƙalin wasa yana cikin riga mai ado, da mafici a hannu. Gashin 'yan kokawar a ɗaure yake tsaf, aka ce akwai mai gyara musu shi na musamman. Wanda ya yi kaye ba ya kirari, ba ya rawa, rusunawa kawai yake ya sauka. Turawa suka yi tsit kamar a wurin ibada. Nan kishi ya fara cina. Mu ma muna da kokawa, da ganga, da kirarin da ke tsayar da gashin jiki, amma wa ya taɓa ɗauko ta ya kawo nan?

Can aka ce ana son mutum ɗaya daga 'yan kallo ya hau ya gwada ture wani ƙato daga cikinsu. Na miƙe, na ɗaga hannu har kafaɗata ta amsa. Mai sanarwa ya dube ni, ya tsallake, ya nuna abokina.

Ya hau, ya kifa kai a tumbin mutumin yana turawa. Ƙaton ya bar shi ya gaji, sannan ya ɗaga shi cak ya ajiye a wajen da'ira, ya rusuna masa. Wuri ya ɗauki tafi. 'Yata tana tsalle tana ɗaukar bidiyo.

"Baba, ka ga Kawu? Jarumi ne!"

Ko miyar 'yan sumo da muka saya a waje, mai kaza da kabeji, ban ji daɗinta ba, alhali ta yi daɗi.

A hanyar dawowa wayar abokina ba ta huta ba, mutanenmu na Greensboro suna ta kira suna ce masa zaki. Wajen Charlotte ya lura da shiruna, ya ce ai ni ya kamata a ɗauka, don da na ba mutumin wahala. Na ce haka ne. Na san lallashina yake.

Mun iso gida lafiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mutanen Japan ba su jira wani ya tallata musu al'adarsu ba, su suka ɗauko ta da kansu. Washegari na je Summerfield, nan kusa da Greensboro, wurin wani Alhaji mai babban fili a bayan gida, na roƙe shi mu zuba yashi mu yi kokawar gargajiya bayan Sallah. Ya yarda. Wanda ya fara cewa zai shiga shi ne abokin nawa. Na roƙi Alhaji alfarma ɗaya: a haɗa ni da shi a zagayen farko.