Baba Tajuddeen Ya Ƙi Faɗin Girkanci a Tudu

Mutumin da ya shekara ashirin da biyu a kan teku, agwagwar roba ce ta kayar da shi. A gabana aka yi, a tafkin Titiwangsa, ranar da mu 'yan bene na tara muka fita shan iska. Baba Tajuddeen ya hau irin kwalekwalen nan mai siffar agwagwa da ake tuƙawa da ƙafa, ya miƙe tsaye wai zai nuna mana yadda ake tsayuwa a jirgi. Sai ji muka yi tinjim! Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma.

Ni Ramatu, ƙofata na kallon tasu a unguwar Cheras, nan ƙasar waje da muke zaune. Boko dai aji huɗu na yi, amma baki Allah Ya ba ni. Wasan jika da kaka muke yi da shi, ina ce masa Angona, yana ce mini Uwar Surutu. Tun daga ranar, in na gan shi sai na ce, "Angona, agwagwa na gaishe ka."

Asalinsa ɗan Fagge ne. Yana saurayi ya gudu Legas, ya samu wankin tukwane a jirgin dakon kaya na wasu Girkawa, daga nan ya koma jan igiya da fenti. A can ya kwashi Girkanci, har rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi ya iya, don shi ke rubuta sunaye a jikin bututu. Yanzu yana zaune wurin 'yarsa Bashira da mijinta Dakta Najib, mai koyarwa a jami'ar Jalan Semarak.

Faɗuwar nan ta ja masa. Bashira ta ce an gama, ko bakin kwata ba zai ƙara zuwa ba, kuma bayan Sallah za ta mai da shi Kano ya huta. Ni na san abin da ke cin tsoho: shekara biyu yana ƙasar da teku ya kewaye, bai taka jirgin gaske ba, ga shi za a tattara shi.

Ana nan sai aiki ya cije wa Dakta. Su 'yan jami'ar suna da wani dandamalin ƙarfe mai fāɗi kamar filin ƙwallo, yana shawagi a teku can gabas, suna auna ruwa da igiyarsa. Waɗanda suka zo ɗaura injinan Girkawa ne, kuma dole kowane famfo da makunni a liƙa masa suna da yarensu. Dakta ya zuba kalmomin Turanci ɗari uku a kwamfuta ta juye masa. Babban injiniyan Girkawan ya duba ya ce wannan yaren littafi ne, in wuta ta tashi kafin mutum ya gama furta kalma ɗaya an ƙone.

To fa. Ga mai Girkancin jirgi a gida, amma Dakta suruki ne, ba ya iya haɗa ido da Baba, balle ya sa shi aiki. Ya yo tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na shayi da gurasar roti daga mamak, shagon mai shayin unguwa, ya durƙusa a falo, ni kuma na shigo aron albasa na ƙi fita.

"Baba, dama wata 'yar alfarma ce, in ba damuwa."

Baba ya karɓi takardar kalmomin, ya nisanta ta da ido. Ya faɗi goma a jere, Dakta na rubutawa. Sai ya ninke ta ya ajiye.

"Sauran fa, Baba?"

"Sauran suna teku. Ni ban taɓa sa wa abu suna ban dafa shi ba. A kai ni in gani."

Bashira ta leƙo daga kicin. "Wallahi ba inda za shi! Mutumin da agwagwa ta kayar?"

"Uwata, ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Na ce, "Angona, ka faɗa musu mana, kar a maimaita wanka."

Ko kallona bai yi ba. Kwana tara ana wannan dambe. Bashira ta daina sa masa yaji a miya, ya ci haka nan. Ta kira yayanta a Kano ya yi masa magana, ya kashe wayar. Dakta ya rame tsakanin mata da suruki, ga Girkawa na jira. Rana ta goma Bashira da kanta ta sayo rigar iyo mai ruwan lemo, ta dangwarar masa a cinya. Washegari aka aiko mota ta ɗauke shi da Dakta.

Abin da ya faru a can a wayar Dakta na gani. Dandamali na tangaɗi, Dakta ya rungume ƙarfe yana amai, tsoho kuwa na tafiya kamar a tsakar ɗakinsa. Sai ya dafa famfo, ya sa a tayar da inji, ya koma nesa ya ƙwala sunan da ƙarfi. In Bagirken da ke ɗaya gefen ya ɗaga hannu, a rubuta a liƙa. In bai ji ba, Baba ya nemo gajeriya wadda 'yan jirgi ke faɗa. Haka suka bi ɗari ukun cikin kwana huɗu. Injiniyan ya ce in za a ɗaura kashi na biyu, tsohon nan yake so. Maganar Kano dai ban ƙara jin ta a bakin Bashira ba.

Ya dawo ya yi baƙi ƙirin, yana taku ɗaiɗai. Na tare shi a bakin lif.

"Angona, sannu da zuwa. Agwagwa ta ce yaushe za ka koma ku ƙarasa?"

Ya gyara hula. "Uwar Surutu, ni ruwa sau ɗaya ya kayar da ni, kuma da ya gane kuskurensa mota ya aiko a ɗauko ni. Ke da ko lif ya motsa sai kin yi salati, matsa in wuce."