Injiniya Abdulrauf da Kwakwar da Na Daskarar

Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, ina duba kaya a ɗakin sanyi aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran Injiniya Abdulrauf Gumel a gidansa da ke Khalidiyya. Na Allah muke, kuma can za mu tarar da shi. Bayan la'asar muka raka shi maƙabartar Baƙi'a.

Baba Injiniya, mutanen Madina sun san ka da gyaran injinan sanyi. Ni Hamid, na san ka a ranar da na kusa rasa iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar.

Watana uku ke nan ina kula da ma'ajiyar wani ɗan kasuwa a Aziziyya, sai kwantenar ɗanyar kwakwa ta iso, irin wadda ake fere wa baya fari tas, ana shan ruwanta. Ni ɗan Kano, kwakwar da na sani ita ce busasshiya mai gashi, wadda ko jifa aka yi da ita babu ruwanta. Abokan aikina kuma dabino kaɗai suka sani. Sai muka haɗa jahilcinmu wuri guda, muka zuba kwali ɗari uku a ɗakin da ake daskarar da ɗanyen dabino. Da safe ruwan cikinta ya zama ƙanƙara, ta yi ta tsagewa. Kafilina, wato ɗan kasuwar da nake zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa, ya ce in tattara kayana, wannan makon zai yi mini takardar fita ta dindindin. A lokacin matata na da ciki wata bakwai.

An kira ka ne don a tabbatar injin lafiyarsa ƙalau, laifin nawa ne. Ka duba, ka ce lafiyarsa ƙalau, don ba ka iya ƙarya ba. Sannan ka juya ga kafilina.

"Ya Shaikh, wa ya koya masa?"

Ka ƙara da cewa:

"To wanda za ka kawo gobe ma haka zai yi. Wannan dai ya riga ya ji jiki. Ka bar mini shi wata ɗaya."

Rabin kwantenar bai shiga ɗakin ba, saboda rashin wuri. Ka tuɓe kwat ɗinka, muka kwashe shi zuwa ɗaki mai sanyi digiri huɗu. A watan nan na sha faɗa, wallahi na sha. Amma ka nuna mini cewa tun daga gona ake lalata kwakwa ko a tsirar da ita: da igiya ake sauko da ita, ba a jeho ta, ana ferewa a tsoma ta a ruwan magani kafin ta yi baƙi, a naɗe ta da leda, kuma kada sanyi ya yanke mata har ta tsallako teku. Ka koya mini in juya gindinta in nemi fumfuna, in ƙi karɓar kwalin da ya jiƙe. Har wasiƙa ka rubuta wa masu turo mana, ka ce su daina cusa goma sha biyu a kwalin tara.

Da wata ya cika ba ka ce mini komai ba. Kafilina ne ya miƙo mini iƙamata, an sabunta. Sai a wajen zaman makoki Hajiya Adawiyya, mai ɗakinka, ta faɗa mini cewa sau uku ka koma wurin mutumin nan, kana jiran sa a ƙofar ofis da tsakar rana kamar mai neman aiki. Shekara shida muna tare, ko sau ɗaya ba ka ambata ba. Na ji kunya, Baba, don godiyar da na yi maka ta karatu ce kawai. 'Yata Hibatullah a garin Manzo aka haife ta saboda tsayuwar nan taka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa maƙwabtakar da ka samu a Baƙi'a ta ɗore har Aljanna. Hajiya Adawiyya, da ku 'ya'yansa Haidar da Nadiya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku yadda Injiniya ya tsaya wa bare.